Darasi: Girkin Indiya Marar Nama, Daga Ajin Matafiya Zuwa Murhun Minna

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. bayyana dalilin da ya sa Indiyawa da yawa ba sa cin nama, da yadda matafiyi zai gane abincinsu;
2. faɗin yadda ake gudanar da ajin koyon girki na matafiya, da abin da ya kamata ya lura da shi a ciki;
3. dafa miyar wake irin ta Indiya da kayan da ake samu a kasuwannin Minna;
4. lissafa awon girki daidai da yawan mutanen gidansa;
5. haɗa abincin da ba nama a ciki amma yake gina jiki.

1. Abin da matafiyi yake tararwa

Mutanenmu sun daɗe da sanin Indiya ta hanyar finafinai. Yanzu kuma suna zuwa da ƙafarsu. Daga Minna mutum zai bi ta Suleja ya hau jirgi a Abuja, wani don neman magani, wani don karatu, wani don saro kaya, ya sauka a Delhi ko Chennai ko Hyderabad. Wanda ya raka majinyaci yakan yi makonni, wani lokaci watanni, kuma abin da ke fara damunsa shi ne abinci. Zai ga gidajen cin abinci bila adadin da ba a taɓa ɗora nama a tukunyarsu ba.

Wani bincike da cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a 2021 ya nuna cewa kashi 39 cikin 100 na manyan Indiya sun ce ba sa cin nama. A cikin mabiya addinin Hindu kashi 44 ne, a cikin mabiya addinin Jain kashi 92, a cikin Musulmin ƙasar kuwa kashi 8. Ke nan kuskure ne a ce duk Ba'indiye ba ya cin nama. Mafi yawansu suna ci. Waɗanda suka bari, galibi addini ne da al'adar gidansu suka sa, musamman aƙidar guje wa cutar da mai rai. Mabiya Jain da yawa sun ƙara da barin abin da ake tonowa daga ƙasa, kamar albasa da tafarnuwa da dankali.

> Akwatin ma'ana
> Abinci marar nama (a Indiya): abincin da babu nama, babu kifi, galibi kuma babu ƙwai. Nono da man shanu da cuku suna cikinsa.
> Koriyar alama: ɗigo kore a cikin murabba'i kore, da doka ta wajabta a buga a jikin kayan abinci na leda ko gwangwani idan ba nama a ciki. Mai nama alamarsa ruwan ƙasa ce.

Wannan alama tana da amfani sosai ga Musulmin da yake shakkar yanka a baƙon wuri. Ko bai iya karanta rubutun ƙasar ba, zai gane launi.

2. Yadda ajin girki yake

A garuruwan da baƙi ke yawan zuwa, irin su Jaipur da Udaipur a jihar Rajasthan, da Kochi a jihar Kerala, da Delhi kanta, akwai masu koya wa matafiya girki a kan kuɗi. Da yawa matan gida ne, kuma a ɗakin girkinsu ake yi. Ajin yakan ɗauki 'yan sa'o'i. Wasu sukan fara da kai ɗalibai kasuwa su ga kayan miya, sannan a dawo a wanke hannu, kowa ya kama aiki: wannan na yanka albasa, wancan na kwaɓa gari. A ƙarshe a zauna a ci abin da aka dafa tare.

Kafin ka biya kuɗi, tambayi abu ɗaya: ɗalibi zai taɓa tukunya, ko kallo kawai zai yi? Ajin kallo ba ya wuce abin da za ka gani a waya kyauta. Laushin kwaɓi da zafin mai da ƙamshin da ke nuna cewa kayan yaji sun soyu, duk hannu da hanci ne suke koyonsu. Duk wadda ta koyi tuƙa tuwo a gaban mahaifiyarta ta san haka.

Ka tafi da littafi da biro. Rubuta jerin yadda ake zuba kaya, wane ne farko, wane ne ƙarshe, domin a girkin Indiya jerin ya fi awon muhimmanci. Duk wani ƙwaro na ƙamshi da ba ka sani ba, ka shinshina, ka ɗanɗana, ka tambayi malamar me zai iya maye gurbinsa idan ba a samu ba. Idan kana da wata cuta da likita ya hana ka wani abu, faɗa tun da wuri. Ruwan sha kuma ka tsaya a kan na roba da ba a buɗe ba, ko tafasasshe.

Wanda ba shi da halin tafiya, kada ya ga an bar shi a baya. Sauran darasin nan a tsakar gida za a yi shi.

3. Gonarsu da tamu

Ɗan Minna da ya shiga irin wannan aji zai yi mamakin yawan abin da ya riga ya sani. Gero da dawa da wake, a nan Afirka aka fara nomansu, suka isa Indiya fiye da shekaru 3,000 da suka wuce. Yau a Rajasthan ana gasa burodin gero, a Maharashtra ana gasa na dawa. Kuɓewa da tsamiya suna cikin girkinsu na kullum. Mutanen Andhra Pradesh suna son yakuwa sosai. Zogale kuwa daga can ya zo mana. Mu ganyen muka riƙe, su kuma har dogayen 'ya'yansa suke sa wa a miya.

Dangantakar ba ta tsaya a tarihi ba. Cibiyar binciken amfanin gona ta ICRISAT, wadda aka kafa a 1972 kusa da Hyderabad, tana aiki a kan gero da dawa da gyaɗa, kuma tana da ofis a Kano da tashar bincike a Sadore kusa da Yamai. Indiya ce ta gabatar da shawarar da ta sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2023 ta zama shekarar gero da danginsa. Ita ce kuma ƙasar da ta fi kowace noma da cin dangin wake, yayin da Nijeriya ta fi kowace ƙasa noman irin waken da muke ci.

Har siffar abincin akwai kama. A kudancin Indiya ana jiƙa shinkafa da wani baƙin wake, a markaɗa, a bar ƙullin ya kwana ya tashi, sannan a soya a kasko mai ramuka. Mai sayar da masa a Bosso ko Kpakungu da ta ga wannan kasko za ta ce tandarta ce. Suna da vada, wanda ake yi da markaɗaɗɗen wake a soya cikin mai kamar ƙosai. Suna da khichdi, shinkafa da wake a tukunya ɗaya a dafa su yi laushi, abincin da suke ba yara da marasa lafiya. Man da suke ji da shi, ghee, soyayyen man shanu ne, irin wanda ake samu idan aka sayi ɗanyen mai a ƙwaryar Fulani aka narka shi a wuta har ruwan ya ƙone.

To me ya bambanta mu? Mu mun ɗauki nama a matsayin darajar miya. Miyar da ba ta da shi, uwargida takan kawo ta tana ba da haƙuri. Su kuwa sun shafe ɗaruruwan shekaru suna neman yadda wake da ganye za su yi daɗi da kansu, har a kai su gaban babban baƙo. Wannan ilimi ne ya cancanci a ɗauko, musamman a wannan lokaci da nama ya fi ƙarfin gidaje da yawa. Iyalin da suke cin wake da ganye da nono babu abin kunya a tukunyarsu.

4. Tarka, zuciyar girkin

> Akwatin ma'ana
> Dal: dangin wake da aka ɓare aka raba biyu, haka kuma ake kiran miyar da aka yi da shi.
> Tarka: soya kayan ƙamshi cikin mai mai zafi na ɗan lokaci, sannan a juye man da kayan a kan dafaffen abinci.
> Masala: haɗin kayan yaji, dakakke ko ɗanye. Kowane gida da irin nasa.

Idan ɗalibi bai ɗauki komai daga wannan darasi ba sai tarka, ya samu riba. Dalilin yin ta shi ne, yawancin ƙamshin kayan yaji a cikin mai yake narkewa, ba ya fitowa sosai a ruwa. Idan ka zuba garin citta da barkono a tafasasshen ruwa za ka sami yaji, amma ƙamshin kaɗan ne. Idan suka fara ratsa mai mai zafi, man zai kwashi ƙamshin ya bi da shi ko'ina a cikin miyar.

Jerin haka yake. Mai ya fara zafi. Sai ƙwayoyi masu tauri, kamar hulba ko habbatus sauda ko hardal, su yi 'yan daƙiƙu suna tsalle. Sai albasa, a bar ta ta yi ja. Sai dakakkiyar tafarnuwa da ɗanyar citta. Garin yaji, wato barkono da makamantansa, shi ne na ƙarshe, domin ya fi saurin ƙonewa. Da ƙamshi ya bugi hanci sai a sauke.

Kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne barin wuta ta yi yawa. Hulba idan ta yi baƙi tana da ɗaci mai tsanani, kuma babu abin da zai gyara miyar bayan haka. Idan ta ƙone, zubar da man ka sake. Ga mai girki da itace ko gawayi, dabara ita ce a janye kaskon gefe kafin a zuba gari, zafin da ke jikinsa ya isa.

Mafi yawan waɗannan kaya ba baƙi ba ne. Citta da tafarnuwa da kanumfari da barkono suna wurin masu kayan yaji a Kasuwar Kure da Kasuwan Gwari. Kurkum da hulba da girfa da habbatus sauda, idan ba a gan su a can ba, a duba shagunan magungunan Musulunci. Sai dai mu mun fi sanin wasunsu a matsayin magani, ba mu saba sa su a tukunya ba.

Wata shawara: kada son girkin baƙi ya sa a yar da daddawa. Tana ba wa miya marar nama irin ɗanɗanon da ake nema a nama, kuma ɗan kaɗan daga cikinta a cikin tarka yana ƙara wa dal armashi ga bakin da ya saba da miyar gida.

Misali na 1: Dal da waken gida (na mutum 4)

Kayan haɗi: farin wake gwangwanin madara 2, ruwa gwangwani 6, kurkum rabin ƙaramin cokali, man shanu ko man gyaɗa babban cokali 3, hulba ƙwaya 8 zuwa 10, albasa 1, tafarnuwa ɓare 4, ɗanyar citta ɗan gutsure, tumatir 2, barkono da gishiri daidai baki, ruwan tsamiya ko lemun tsami kaɗan.

A jiƙa waken a cire bayansa kamar za a yi alala. A ɗora shi da ruwan da kurkum, a kwashe kumfar da ta taso, a rage wuta. Ya dahu har ya fara fashewa; idan ruwa ya ƙafe a ƙara mai zafi. A burga shi da maburgi ya yi kauri kamar miyar gyaɗa, a sa gishiri. A wani kasko a yi tarka bisa jerin da aka bayyana, a ƙara yankakken tumatir bayan tafarnuwa, a soya har mai ya fito. A juye a kan waken, a rufe minti 5. Tsamiya ce ta ƙarshe.

A lura da abu biyu. Tsami yana hana wake laushi, shi ya sa tumatir da tsamiya ba sa shiga sai ya dahu. Sannan ba a buƙatar kanwa: waken da aka jiƙa aka ɓare yana dahuwa da wuri, kanwa kuma tana rage wasu sinadaran bitamin da ke cikinsa.

A wani aji, ɗaliba za ta iya tambayar babbar mace da ke kusa da ita: "Hajiya, wannan ba miyar wake ba ce da muke ci da tuwon shinkafa?" Ita kuma ta amsa: "Ita ce, 'yata, sai dai an cire manja da kifi, an bar soyayyen mai ya zo daga baya. Ɗanɗana ki ji." Amsar daidai ce. Ana cin dal da dafaffiyar shinkafa, wadda ƙasar Nupe ke nomawa da yawa a fadamun Bida da Badeggi, ko da tuwo, ko da dafaffiyar doyar Gwari.

Misali na 2: Lissafin awo da na kuɗi

Wata uwargida a Tunga tana ciyar da mutum 14. Awon da ke sama na mutum 4 ne.

14 ÷ 4 = 3½. Ke nan za ta ninka komai sau uku da rabi.
Wake: 2 × 3½ = gwangwani 7.
Ruwa: 6 × 3½ = gwangwani 21.
Mai: 3 × 3½ = cokali 10½.

Gishiri da barkono da hulba ba a ninka su kai tsaye. Ta fara da ninki biyu, ta ɗanɗana, sannan ta ƙara.

Yanzu kuɗi. Waɗannan lambobi na misali ne. Kowa ya sa farashin kasuwarsa na yau. A ɗauka maigida yana ba da naira 2,000 na nama a kowace rana. A ranar dal, ƙarin wake da mai da kayan ƙamshi sun ci naira 800. An rage 2,000 − 800 = naira 1,200. Idan aka yi haka kwana 2 a mako, naira 2,400 ke nan. A mako 4, naira 9,600.

5. Shin jiki zai samu abin da yake buƙata?

> Akwatin ma'ana
> Furotin: sinadarin da ke gina tsoka da gyara jiki. Ana samunsa a nama, kifi, ƙwai, nono, wake, gyaɗa da waken suya.

Busasshen wake kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa furotin ne. Amma furotin ɗin wake yana da ƙarancin wani ɓangare da hatsi ke da shi, na hatsi kuma yana da ƙarancin wani ɓangare da wake ke da shi. Idan aka ci su tare, ko a rana ɗaya, kowane ya cike giɓin ɗan'uwansa. Wannan ne ya sa farantin Ba'indiye ba ya rabuwa da dal da shinkafa ko burodi. Kakanninmu sun kai ga wannan ba tare da ɗakin gwaji ba: shinkafa da wake, ƙosai da koko, dambu da ƙuli-ƙuli. Awara ma ta shigo sahu.

Akwai wurin da ake buƙatar kula. Bitamin B12, wanda jini da jijiyoyi ke buƙata, ba a samunsa a tsirrai. Indiyawa marasa cin nama sun dogara da nono, kuma duk da haka ƙarancinsa ya yi yawa a cikinsu. Saboda haka wannan darasi ba ya cewa kowa ya bar nama. Mai ciki da mai shayarwa da yaro ƙarami suna buƙatar nono, ƙwai, kifi ko nama gwargwadon hali, kuma su bi shawarar ma'aikatan asibiti. Sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye, mai ƙara jini, jiki ya fi ɗaukarsa idan an haɗa da lemun tsami ko tumatir. Shayi kuma yana rage ɗaukarsa, don haka a ba da tazara tsakanin abinci da shayi.

Kindirmo a gefen faranti al'ada ce mai kyau da za a ara. Indiyawa suna yanka kokwamba ko albasa a ciki, su sa gishiri. Yana kwantar da zafin yaji, yana ƙara furotin.

Misali na 3: Capati

Wannan shi ne burodin yau da kullum na arewacin Indiya, ba yis, ba tanderu. Garin alkama da aka niƙa da dusarsa kofi 2, gishiri kaɗan, ruwa kimanin kashi uku cikin huɗu na kofi. A kwaɓa ya yi laushi bai kama hannu ba, a rufe ya huta rabin sa'a. A cura ƙanana, a murza kowane da kwalba mai tsabta ya yi fele-fele, a gasa a busasshen kasko mai zafi. Idan ƙananan ƙuraje sun taso a juya. Wanda aka murza daidai zai kumbura. Na farko da na biyu ba kasafai suke yin kyau ba, kowa haka ya fara. Idan da garin gero za a yi, a kwaɓa da ruwan ɗumi a faɗaɗa da tafin hannu, domin gero ba shi da danƙon alkama, yana tsagewa.

Tambayoyin bita

1. Kashi nawa cikin 100 na manyan Indiya suka ce ba sa cin nama a binciken 2021? Me wannan ya nuna game da sauran?
2. Wace alama matafiyi zai duba a jikin kayan abinci na leda, kuma me take nufi?
3. Wace tambaya ce ta fi muhimmanci kafin a biya kuɗin ajin girki? Me ya sa?
4. Kawo amfanin gona huɗu da ake ci a Minna kuma ake ci a Indiya. Wanne ne daga cikin waɗanda aka ambata ya zo mana daga can?
5. Bayyana tarka da kalmominka. Jera yadda ake zuba kayanta daga na farko zuwa na ƙarshe.
6. Me ya sa ba a sa tsamiya ko tumatir kafin wake ya dahu?
7. Gida mai mutum 10 zai dafa dal. Lissafa yawan wake da ruwa da mai da za a buƙata.
8. Wane bitamin ne ba a samu a tsirrai, kuma su wa ya kamata a fi kulawa da su a gida?
9. Aikin gida: tambayi farashin wake, mai da nama a kasuwar da ke kusa da ku, ka sake lissafin Misali na 2 da waɗannan lambobi.
10. Aikin rukuni: ku kasu mutum huɗu-huɗu, ku dafa dal iri biyu, ɗaya da daddawa ɗaya babu. Ku ba 'yan aji su ɗanɗana, ku rubuta abin da suka ce, ku kawo a zama na gaba.